Wasiƙar da Ta Jira Baffa

Tawadar dangwala yatsa tana da wani wari irin na maganin asibiti. Ranar da Baba ya buɗe ɗan gwangwaninta a tsakar gidan Kaka, warin ya gauraya da ƙamshin ƙasa, don an yi yayyafi da safe. Ina zaune a gefen tabarma da farar takarda da alƙalami a cinyata. Shekaruna goma sha bakwai, ina kwalejin horon malamai mata a Kano, na zo hutun damina. Baba ya taho da ni daga Gumel zuwa ƙauyenmu na kusa da Ɗanzomo saboda rubutuna ya fi nasa kyau, kuma wasiƙar da za a rubuta ta roƙon a bar wani mutum da ransa ce. Mutumin shi ne ya kashe ƙanen Baba.

Abin ya faru shekara biyu kafin nan, a bazarar shekarar fari. Rijiya ɗaya ce ta rage da ruwa a duk yankin, mai zurfin gaba talatin da wani abu, ruwan ma ba ya taruwa sai kaɗan-kaɗan. A wurinmu layin rijiya ba na mutane ba ne, na igiya ne. Kowa ya zo sai ya shimfiɗa igiyar gugansa a jere kusa da ta wanda ya riga shi, ya tafi ya yi salla ko ya koro dabbobinsa, ba mai taɓa masa. Igiyar farko kuwa kullum ta mai haƙa ce, wanda ya haƙa rijiyar da hannunsa kuma yake shiga yasarta, ko ya zo da wuri ko ya makara. Haka muka tarar ana yi.

Mai haƙar tamu gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana, kullum idanunsa a ƙanƙance kamar hasken rana ya yi masa yawa. Amma in ya shiga rijiya yakan yi waƙa. Ina ƙarama, in mun je ƙauye, nakan tsuguna nesa kaɗan da bakin rijiyar ina saurare, a raina ƙasa ce take waƙa.

Ran nan ya shiga yasa tun da sassafe. Da aka jawo shi waje, jikinsa duk laka, sai ya tarar an ture igiyarsa gefe, autan su Baba yana shayar da shanu da ruwan farko. Suka yi cacar baki, aka ce autan ya hankaɗa shi. Dagin haƙa na hannunsa, ya ɗaga ya buga masa sau ɗaya a ka. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Mai haƙa bai gudu ba. A bakin rijiyar ya zauna har mutanen dagaci suka zo suka tafi da shi.

Babbar kotu a Kano ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Aka ɗaukaka ƙara, hukuncin bai sauya ba. Abin da ya rage shi ne sa hannun gwamna, kuma kafin nan akwai kwamitin da ke duba ko akwai dalilin sassauci. Daga can ne saƙo ya zo ta hannun dagaci cewa ana son a ji ta bakin dangin mamaci. Saƙon bai faɗi rana ba, mu ma ba wanda ya tambaya.

Su uku Kaka ta haifa maza: Baffa, wanda ke riƙe da shanun gida, sai Baba, malamin allurar dabbobi a Gumel, sai autan da aka kashe. Kakanmu namiji ya daɗe da rasuwa. Autan ya bar matarsa da 'ya'ya mata biyu ƙanana.

A lokacin maganar kisa tana bakin kowa, don zamanin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a harbe su a bainar jama'a ne. Bayan la'asar maza kan taru a ƙofar gidanmu a Gumel, ni kuma ina zaune a bayan zaure da littafi a buɗe, ba karatun nake ba. Akwai wani maƙwabcinmu, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ɗingishi, wanda ya tsaya a kan cewa ɗan Adam ba abin da ke gyara shi sai tsoro. In an kashe ɗaya, in ji shi, ɗari za su ajiye makami. Baba kan ce shi shekara ashirin yana cikin shanu, bai taɓa ganin an yanka sa don ya yi tunkuyi sau ɗaya ba. Sojan ya ce ai dama ba a yanka shi a ruga, mahauta ake kai wa. Baba ya kawo misalin wani fursuna da aka riƙa kawowa yana yi musu ginin katangar ofis, wanda ya koyi aikin a gidan yari, ya fito ya zama maginin da ake rububi a garin. Sojan ya tambayi laifinsa. Baba ya ce satar akuya. Aka kwashe da dariya, har da Baban.

Ni ina goyon bayan Baba, kuma na rubuta waƙoƙi uku a kan jinƙai a bayan littafin lissafina. Yanzu na san afuwa ta zo mini da sauƙi ne saboda sau biyu a shekara nake ganin marigayin. Matarsa ce ta fara nuna mini haka. Ta gama takaba tuntuni, ba ta sake aure ba, tana zaune tare da Kaka. Da safiyar ranar wasiƙar na same ta tana tankaɗe, na fara yi mata bayanin yadda mutum kan shiryu in an ba shi dama. Ta bar ni na kai aya. Sannan ta ce ita ba wanda ya tambaye ta, kuma ta san ba za a tambaye ta ba.

"Ke waƙarsa kika ji a rijiya," ta ce. "Ni rigar mijina na wanke."

Na taya ta tankaɗen.

Kaka kuwa ta riga ta yanke nata. Uwar mai haƙa tana raye, sa'arta ce, tare suka yi 'yan matanci, a turmi ɗaya suka sha yin daka. Tun da abin ya faru ba su gaisa ba. Kowace ta san lokacin fitar ɗayar, sai ta kauce. Kaka ta ce ita ta san yadda ake ji, ba ta ga amfanin a zama su biyu masu rashin ɗa a ƙauye ɗaya ba. A tsare shi iya yadda hukuma ta ga dama, in ya fito ya nemi wani gari, amma kada a kashe shi da sunanta. Ita ta riƙa faɗa ina rubutawa, tana yi tana tsokanata.

"'Yar boko, gyara hannunki. Kada gwamna ya ce tsohuwar nan ba ta iya magana ba."

Na rubuta ɗaya da Hausa, na yi wata da Turanci. A ƙasa na ja layi uku kamar yadda Baba ya umarta: na sama na Baffa, na tsakiya nasa, na ƙasa na Kaka. Baba ya kama babban yatsanta ya danna a soson tawadar, ya ɗora a takarda. Ta dubi yatsan ta ce an yi mata lalle ba biki. Sai na miƙa wa Baba alƙalami. Bai karɓa ba. Ya nuna layin sama ya ce ba zai sa hannu ba alhali wurin Yayansa yana fayau. Jinin nan na su biyu ne, kuma akwai babba. In ya riga shi, kamar ya binne shi da rai ne. Dagaci da dattawa biyu da suka zo shaida suka gyaɗa kai. Kowa a wurin ya yarda cewa yafe jini sai bakin 'yan'uwa ya zo ɗaya, kuma babba ke fara buɗe baki.

Baffa ba ya nan. Tun ruwan farko ya kora abin da fari ya bar mana na shanu ya yi arewa, ya haye iyaka zuwa ƙasar Damagaram, kamar yadda ake yi kowace damina don a nisanci gonaki. Kafin ya tafi kowa ya san matsayinsa. Yana bakin rijiyar ranar da abin ya faru, a hannunsa ƙanen nasa ya cika. Ya ce wanda ya kashe a kashe shi, haka Allah ya ce. Ya kuma ce masu son a sako mutumin ba tausayi ne ya dame su ba, rijiya ce ta cika da yashi ba mai shiga, suna son su sayar da jinin ƙanensa da ruwa. Kaka ba za ta iya tsawata masa ba, don ɗan fari ne, kuma mu Fulani ne. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce wancan mai shanun.

Haka aka naɗe wasiƙar da yatsa ɗaya, Baba ya sa ta a akwatinsa na ƙarfe, aka shiga neman Baffa.

Hanya ɗaya ce ta aika saƙo, kasuwar Maigatari ran Alhamis. Kowane mako Baba kan hau mota ya tafi. Sau ɗaya na bi shi. Na tsaya a inuwar wata rumfa kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, ina kallon raƙuma da manyan motocin da mutanen ƙetare ke kira kamiyo, shi kuwa yana bin dillalai da makiyaya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ya ga Baffa a wani tafki kwana goma da suka wuce. Wancan ya ce ai sun tashi daga nan, sun ƙara gaba. Duk wanda Baba ya samu zai koma arewa sai ya ba shi goro ya ce, in ka gan shi ka ce Inna na nemansa. A hanyar dawowa na tambaye shi me ya sa bai faɗi dalilin ba. Ya ce maganar jini ba a ba ta a bakin kasuwa, ta bi ta kunnuwa goma kafin ta isa. In Yaya ya ji a bakin bare cewa an rubuta takarda a bayansa, ba zai dangwala ba har abada.

Saƙon ya isa, daga baya muka ji. Baffa ya tambayi ɗan aiken ko Inna lafiya. Aka ce lafiya ƙalau, an gan ta tana shara. Sai ya ce to, in an cire amfanin gona zai zo.

Ana gobe zan koma makaranta na ce wa Baba ko za a aika da wasiƙar hakanan, da hannunsa da na Kaka, na Baffa ya biyo baya. Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce ni yarinya ce, akwai abin da ba a koyarwa a kwaleji. Na hau jirgi a Gagarawa Tasha. Gero ya fitar da kai a duk gonakin da muka wuce, ina ta lissafin makonnin da suka rage kafin a yanke shi.

A Kano, in an kai mu asibiti a motar makaranta, mukan bi ta jikin katangar gidan yari. Doguwa ce, ba abin da ake gani sai kan wata bishiya daga ciki. Nakan ce a raina ko yana ganin bishiyar, ko har yanzu yana waƙa. Har na yi tunanin da na dangwala nawa yatsan a layin Baffa, wa zai gane a ofishin gwamna? Tunani ne kawai. Wasiƙar tana Gumel cikin akwati, mabuɗin yana aljihun Baba, kuma ko da tana hannuna ban san zan iya ba.

Baffa ya dawo bayan an gama girbi, gab da babbar salla, ya yi daidai da hutuna. Muka koma ƙauye da wasiƙar da gwangwanin tawada. Ya rame, ya yi baƙi, gemunsa ya yi fari fiye da yadda na san shi. Aka zauna a tsakar gida bayan azahar. Kaka ta juya masa gefe kamar yadda ta saba. Na karanta ta Hausar a hankali, Baba ya maimaita masa da Fulatanci, ko da yake ya ji sarai.

Da Baffa ya buɗe baki, rijiya ya tambaya, ko an yashe ta. Baba ya ce an ɗauko wasu daga wajen Gagarawa sun yashe tun tsakiyar damina, ruwa ya wadata. Baffa ya ce to, ashe ba don ruwa ba ne. Ya murza sandarsa a ƙasa.

"Inna," ya ce, bai dube ta ba. "Ni na ce masa ya ture igiyar."

Ya ce shanu sun kwana biyu ba su sha ba, uku sun kasa tashi, shi ya ce wa autan ai mai haƙa yana ƙasa, kafin ya fito sun gama. Yaron har ya yi jinkiri, ya daka masa tsawa. Bai faɗa wa dagaci ba, bai faɗa a kotu ba. Ya ce ya so a kashe mutumin ne don maganar ta rufu, amma wata biyar yana daji shi da shanu, bai ga alamar kisan zai rufe ta ba. Bai ce ya yafe ba. Hannu kawai ya miƙo wajen gwangwanin. Yatsansa duk faso ne, hoton ya fito da fararen layuka a tsakiya. Sannan Baba ya karɓi alƙalami ya sa hannu a ƙasa. Matar marigayin tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta ji komai. Ta saki labule ta koma ciki.

Kaka ba ta juyo wajen Baffa ba. Ni ta ce wa in tashi in dama wa wancan mai shanun fura, ga dukkan alamu bai ci komai ba.

Washegari Baba ya hau jirgi zuwa Kano da wasiƙar a aljihun ciki. Ya ƙi ba da ita a gidan waya, ya ce da hannunsa zai miƙa. Kwana uku ya yi. Da ya dawo bai shigo cikin gida ba, a zaure ya zauna ya ce in kawo masa ruwa. Ya sha, ya ajiye kwanon, ya ciro wasiƙar ya ɗora a kan tabarma, a naɗe yadda ya tafi da ita. Ya ce an yi masa kirki a ofishin, an ba shi kujera, an duba takardu. An zartar da hukuncin kusan mako uku da suka wuce. A can aka yi masa sutura.

Tsohon sojan ya shigo da yamma. Na ɗauka zai ce wani abu a kan gardamarsu, amma zama kawai ya yi, ya ce, Malam, ka yi iya ƙoƙarinka. Daga ranar ban sake jin an tayar da zancen a ƙofar gidanmu ba.

Baba da kansa ya je ƙauye ya gaya wa uwar mai haƙa. Kaka ta yafa mayafi ta bi shi, ɗauke da ƙwaryar gero na sadaka. Ba ni aka je ba, amma an ce tsofaffin biyu sun zauna a tabarma ɗaya har la'asar, maganar da suka yi ba ta fi gaisuwa ba. Matar marigayin kuwa ta ce mini ita ba ta yi murna ba, amma ba za ta yi ƙaryar baƙin ciki don ta faranta mana ba. Baffa ya ci gaba da kiwonsa. Bai sake kai shanu waccan rijiyar ba, yakan yi tafiyar rabin yini zuwa wata.

Na gama kwaleji, na yi aure, na koyar a Gumel da Sule Tankarkar. A aji, in yaro ya yi laifi, nakan tsinci kaina ina jinkirin hukunci, wani lokaci har abin ya yi yawa, sauran malamai su ce na cika sanyi. Ban taɓa iya yanke wa kaina wanda ya fi gaskiya tsakanin Baba da sojan ba. In na tuna waƙar rijiya sai in bi Baba, in na tuna matar nan da rariyarta sai in yi shiru.

Bayan fiye da shekara ashirin, shekara biyu da rasuwar Baba, muka je gaishe da wani kawun maigidana, tsohon alƙali da ya yi ritaya, idanunsa sun fara dushewa. Hira ta kawo hira na ba shi labarin. Ya tambaye ni ko mamacin ya bar ɗa namiji, na ce a'a. Ya tambayi uba, na ce ya rasu. Ya tambayi 'yan'uwa nawa, na ce biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi salati a hankali. Ya ce kwamitin gwamna ba dole ne ya bi abin da dangi suka ce ba, amma a zamanin ana ba irin wannan takarda nauyi ƙwarai, kuma akwai masana shari'a a ciki da suka san hukuncin. A fiƙihun da ake bi a ƙasar nan, in masu haƙƙin jini matsayinsu ɗaya ne, kamar 'yan'uwa biyu, ba a duba babba ko ƙarami, ba a kuma jiran bakinsu ya haɗu. Ɗaya daga cikinsu ya yafe, kisa ya faɗi. Sa hannun Baba shi kaɗai ya isa.